Mai Guga da 'Yar Cokali

Duk wanda ya saba bin layin da ke bayan tashar mota ya san shagon Mai Guga, ko da bai taɓa kai masa kaya ba. Ƙaramin shago ne mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya. A tsakiya akwai teburi da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, aka rufe da farin ƙyalle wanda cikinsa ya yi ja-ja don shan zafi. A gefe ga igiya ɗauke da riguna a jere kamar sahun salla, a ƙasa kuma ga kaskon gawayi, domin wutar lantarkin unguwar ba ta da alƙawari. Dutsen gugarsa biyu ne, na lantarki da na gawayi, amma na gawayin ya fi yarda da shi. Yakan ce shi ne bai taɓa yi masa yaji ba.

Tun yana yaro kawunsa ya kawo shi shagon. Ya fara da hura gawayi da ninke hankici, har kawun ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar masa teburin da duwatsun. Daga nan bai ƙara sanin zama ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake sauraren rediyo, a tsaye yake amsa gaisuwa. In ka gan shi a zaune, to tahiya yake yi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna ne, tafin kuwa ya yi kanta, har yakan ɗauki garwashin da ya faɗo da yatsu ya mayar cikin dutse bai ce wash ba.

Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin abu a yamutse ya ƙyale shi. Tela, maƙwabcin shagonsa kuma abokin tsokanarsa, yakan ce da za a ba Mai Guga dama da ya bi tsofaffin unguwa ya goge musu goshi.

Bai yi aure da wuri ba. Matarsa makitsiya ce, 'yar gajeruwa mai saurin dariya, suna zaune a ɗaki da falo da ke bayan shagon. Yana ce mata Mutuniyar, tana ce masa Malam, in kuma tsiyar ta motsa ta ce Sarkin Kari, wai karin wandonsa zai iya yanka albasa. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Bayan na biyun suka daina zancen haihuwa. Sai dai in yarinya ta zo kitso ta yi barci a cinyarta, takan daɗe ba ta tashe ta ba. Shi kuma in an kawo kayan gida guga, na yara yake fara tsamowa ya yi.

Ciki na uku ya zauna har wata bakwai. Sai ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau, aka kwantar da ita. Likitoci suka ce in ba a ciro abin da ke cikin ba, za a rasa su duka. Aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace, bakwaini, aka sa ta a akwatin gilashin nan da ake kira kwalba.

Ta taga ya fara ganin ta. Ba ta fi tsawon takalminsa ba. Fatarta ja, a yamutse kamar rigar da aka matse aka manta ba a shanya ba, haƙarƙarinta yana hawa yana sauka da sauri kamar na tsuntsu, ga siririyar roba a hancinta da ake ɗura mata nono ta ciki. Ya tsaya yana kallo, ya ɓoye hannayensa a bayansa, bai ma san ya yi ba.

Makonni suka shuɗe kafin a cire robar. Ranar sallama, babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, wadda kowa yake kira Sista, ta zaunar da uwar, ta sa aka kira uban. Mace ce mai jiki, mai murya kamar ta malamar makaranta, amma hannunta da taushi.

"Ku buɗe kunne," in ji ta. "Yarinyar nan ba ta iya tsotso ba tukuna, bakinta bai yi ƙwari ba. Za a tatsa a kofi mai tsabta a ba ta da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ko barci take a tashe ta. Irinsu ba sa kukan yunwa, barci suke ta yi har ƙarfinsu ya ƙare. Na biyu, sanyi. Ba ta da kitsen da zai riƙe mata ɗumi. A cire mata riga, a bar mata hula da safa da ƙunzugu, a kwantar da ita a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane. Uwa ta gaji, wani ya karɓa. Kai ma, Baba, ƙirjinka ba na ado ba ne."

Mai Guga ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

"Kowane mako ku kawo ta awo. In sikeli ya ƙi hawa, zan karɓe ta in mayar kwalba. Na gaya muku tun yanzu."

Matar ta ƙara matse 'yar a jikinta. Ta kwana a ɗakin nan isasshe, ta ga kwalaben da aka wayi gari an goge su, an ninke zanen ciki, uwayen sun fita da jaka kawai. Ba ta son 'yarta ta sake ganin ɗakin.

Mahaifiyar matar ta zo ta zauna da su. Inna suke ce mata, tsohuwa ce 'yar siririya mai kaifin ido. Sai aka yi rashin sa'a ta zo da tari, Sista kuwa ta ce mai tari kada ya kusanci yarinyar. Don haka Inna ta ɗaure bakinta da gefen mayafi, ta karɓi girki da shara da dafa kofi da cokali, tana kallon jikarta daga bakin ƙofa. Ita ce ta raɗa mata 'Yar Cokali.

Ba da nonon nan aiki ne da ke cinye yini. Uwar za ta wanke hannu ta zauna ta yi ta tatsa har ya rufe gindin kofi. Sannan ta tashi yarinyar, ta shafa tafin ƙafarta, ta murza kunnenta a hankali, har ta buɗe ido ɗaya kamar mai jin haushin an dame ta. Ta tallafe ta a ɗan zaune, ta ɗora bakin cokali a leɓenta na ƙasa, ba zubawa ba, jira. Sai ka ga ɗan harshe ya leƙo ya lasa. A jira ta haɗiye. A sake. Rabi ya bi gefen baki, a tare da cokali a mayar. Kafin a gama, a wanke, a dafa kofin, lokacin wani ya kusa.

Tsakanin wannan da wancan yarinyar tana ƙirjin uwarta. Amma uwar ɗinki gare ta a ciki, zaman jingine yana ja mata shi, bayanta ya riƙe, barci kuwa sai dai gyangyaɗi. Dole wani lokacin ta kwance zanen ta ajiye ta a katifa, don ta miƙe, ta yi wanka, ta yi salla.

A nan ne Mai Guga ya samo wa kansa aiki. Bai taɓa ɗaukar 'yar ba. Duk sa'ad da matar ta ce, "Malam, karɓe ta mana," sai ya juya hannayensa ya ce, "Da waɗannan? Sai in kankare mata fata." Amma an ce ɗumi take so, shi kuwa duk layin nan wa ya kai shi sanin ɗumi? Sai ya kwashe 'yan rigunanta da tawul da zannuwan naɗe ta, ya wanke da kansa, ya yi musu abin da yake yi wa kayan mutanen da ya fi girmamawa: ya sa bula, ya tsoma a sitati mai kauri, ya shanya, ya yayyafa ruwa, ya goge har suna ƙyalli. Da ya ji matar ta ce za ta ajiye ta, sai ya ɗora dutse a kan tawul, ya gwada a kumatunsa, ya ninke, ya shigo da sassarfa yana riƙe da shi a ƙirji kada iska ta sha.

"Maza naɗe ta, da ɗuminsa."

"Sarkin Kari," in ji matar tana dariyar gajiya, "har ƙunzugun ma sai da ka fitar masa da kari? Ofis za ta?"

"'Yata ba za ta sa yamutsattsen kaya ba ina raye."

Da yake tawul ɗin yana zuwa da ɗumi, sai hankalin matar ya kwanta, ta riƙa ajiye ta tana daɗewa. Shi kuma yana komawa shago da sauƙin zuciya, yana ganin ya sauke nasa nauyin.

Ranar awo suka tafi su biyu, yana riƙe da jaka. Sista ta kwance yarinyar ta ɗora a sikeli, ta duba, ta sake dubawa. Ta taɓa tafin ƙafar da bayan hannunta. Ta ɗaga haɓar, ga wuyan ya yi ja, hammata ma haka, har wani wurin ya fara saɓulewa. Sai ta ɗauki 'yar rigar da aka cire, ta murza ta ji tana ƙara kamar takarda. Ta tsayar da ita a kan tebur, rigar ta tsaya da kanta.

"Wane ne ya sa wa wannan sitati?"

Mai Guga ya ce, "Ni ne."

"Me kake yi, Baba?"

"Guga."

Sista ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta dubi hannayensa, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Da ta sake magana muryar ta sauka. Ta tambayi yadda suke yi a gida, matar ta faɗa mata duka, har da tawul mai ɗumi.

"Baba, in ka gama goge riga ka rataye, tana daɗewa da zafi?"

"A'a. Kafin in gama ta biyu ta huce."

"To haka tawul ɗinka. Yana hucewa, ita kuma ba ta da wutar da za ta sake ɗumama shi. Ɗan nonon da uwarta ke wahalar ba ta, maimakon ya zama tsoka, a yaƙi da sanyi yake ƙarewa. Ba ta ƙaru ba ko kaɗan. Ƙafarta kamar ƙanƙara." Ta naɗe ta ta mayar wa uwar a ƙirji. "Da bin ƙa'ida zan yi, yau za ta kwana a nan. Zan ba ku zuwa awo na gaba. A wanke sitatin nan tas. Hayaƙin gawayi kada ya kusance ta. Kuma wannan baiwar Allah tana bukatar barci, in ba haka ba nonon ma zai ɗauke."

Da suka isa gida ya wuce shago, don kaya sun taru har sun kusa taɓo taga. Ya hura gawayi, ya ɗauko farar riga ya shimfiɗa. Ta ƙofar baya yana hango matarsa a falo, ta juya baya tana tatsa. Ta daɗe tana yi. Da ta ɗaga kofin wajen haske ta duba, abin da ke ciki bai fi cokali biyu ba. Ba ta yi kuka da sauti ba, kafaɗunta kawai ya ga suna rawa.

Ya daɗe a tsaye, dutsen yana hannunsa bai sauke a kan rigar ba. Sannan ya fita da shi waje, ya juye garwashin a ƙasa, ya kwara ruwa. Tela ya leƙo da jin ƙarar.

"Lafiya? Rana tsaka ka kashe wuta? Ko duniya ce za ta tashi ba a gaya mini ba?"

Mai Guga ya ja ƙofar shagon, ya shiga banɗaki ya yi wanka da sabulu har sau biyu don warin hayaƙi ya fita, ya yanke farce, ya sa wata tsohuwar riga mai maɓallai a gaba. Ya zo bakin falo ya tsaya. Inna tana zaune daga can gefe tana tsince shinkafa a faranti. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta sosai ba, balle ya buɗe ƙirji. Ya kama maɓallin sama, ya saki. Ya yi gyaran murya. Ya sake kamawa.

Inna ta dube shi ta saman mayafinta, ta dubi yatsunsa a kan maɓallin. Ta tattara farantinta ta miƙe.

"Ni na tafi kicin," in ji ta. "Kuma shinkafar nan irin mai taurin kai ce, ba ta nuna da wuri. Kada wanda ya neme ni."

Ya zauna a kujerar roba, matar ta cusa masa filo a baya. Ta kwance zanen, ta ɗago 'Yar Cokali daga ita sai hula da safa da ƙunzugu, ta kwantar masa a tsakiyar ƙirji, ƙafafun a tanƙwashe kamar na kwaɗo, kan a juye gefe.

"Hannuna," ya ce.

"Ba hannunka take so ba. Sa ɗaya a ƙarƙashinta, ta kan zane. Yauwa. Ka yi numfashi mana, Malam, ka sandare kamar an ɗauke ka hoto."

Abin da ya fara ji shi ne sanyin ƙafarta a cikinsa, kamar an ɗora masa tsabar ƙarfe biyu. Sai rashin nauyinta. Rigunan da yake ɗauka a hannu ɗaya sun fi ta. Sai kuma, can ƙasa da wannan duka, wani ɗan bugu mai sauri yana taɓa ƙashin ƙirjinsa. Matar ta zagaya da zanen ta ɗaure a bayansa, ta ja rigar ta rufe su. Ya ce bismillahi a hankali. Kafin a kira la'asar ƙafafun sun yi ɗumi, matar kuwa tana kan katifa tana barcin da ba ta yi irinsa ba tun kafin asibiti, bakinta a buɗe.

Haka suka tsara. Da sassafe yana goge abin da ya sawwaƙa da dutsen lantarki in akwai wuta. In babu, ya tura kayan wurin wani mai guga a layi na gaba, wanda a da yake cewa gugarsa kamar an kwana a kai. Daga hantsi ya yi wanka ya zauna. Lokacin salla ya miƙa ta ga uwarta, ya idar ya karɓa. Wasu masu kaya suka yi fushi suka kwashe nasu, wasu suka ce Allah Ya raya. Zaman ya fi masa tsayuwa wuya, ƙugunsa ya yi ciwo, ƙafarsa ta riƙa yin rawa tana neman aiki. Sai ya kama tasbihi da yatsu, yana yi ƙasa-ƙasa, ya lura in muryar tana kaɗawa a ƙirjinsa yarinyar takan saki jiki.

Tela yakan zo ta tagar falo, daga waje, don an hana shiga.

"Salamu alaikum, ina mai jegon? A fito da ita mu gaisa. Au, kai ne! Sannu da jiki. Yaya ruwan nono?"

"Rage murya, ɗan iska, tana barci."

"Wallahi ka yi kyau da goyo. In ɗinka maka zane da ɗankwali?"

"Ka fara koyon ɗinka wuyan riga daidai tukuna. Shekara nawa ina rufa maka asiri da dutse?"

Inna daga kicin tana dariya har tarin ya taso.

Ya koyi ba da cokalin ma. Ranar farko ya zubar da rabi, matar ta ce gumin jikinta ne ya zubar. Daga baya hannun ya faɗa, ya iya jiran ɗan harshen nan ba gaggawa. Nonon ya dawo, har kofin yana kaiwa rabi. Jan wuyan ya baje. A awo na gaba Sista ta dubi sikeli, ta dubi rigar yarinyar da ta sha wanki ta yi laushi duk ta yamutse, ta ce, "Ta motsa. Kaɗan ne, amma ta motsa. Ku koma da abarku." Sai dai ta ƙara da cewa cokali ba ya raino har abada, sai ranar da ta kama nono da bakinta za a ce an haye.

Kullum uwar tana gwada ta. Ta kai mata baki, ta ɗiga mata a leɓe, yarinyar ta lasa ta koma barci. Uwar ta ce, "Ba komai, gobe," ta ɗauko kofi.

Wata ranar da yamma, rana ta yi sanyi, Inna tana shara a tsakar gida, matar tana ninke kaya a ɗaki. Mai Guga yana zaune yana gyangyaɗi sai ya ji motsi a cikin riga. Ba irin miƙar da yarinyar ta saba ba ce. Kan ne yake juyawa, dama, hagu, yana gogar ƙirjinsa. Ya ɗaga wuyan rigar ya leƙa. Idanunta biyu a buɗe, bakin ma a buɗe, tana laluben fatarsa. Sai ta kama wani wuri ƙasa da ƙashin wuyansa, ya ji an ja. Ɗan ja ne, amma ja ne.

Ya so ya yi ihu, ya tuna kunnenta yana kan ƙirjinsa.

"Mutuniyar," ya ce da raɗa. "Mutuniyar! Zo. Zo da sauri, amma kada ki yi gudu."

Ta fito a firgice, riga a hannu. "Me ya faru? Numfashinta?"

"Tana cina."

"Tana me?"

"Nema take. Ga shi ta kama ni, ni kuwa ba ni da komai."

Matar ta durƙusa ta leƙa, ta sa hannu ta toshe bakinta. Ta kwance ƙullin zanen, ta zauna a ƙasa nan gabansa, ta jingina da gwiwarsa, ta karɓe ta. Yarinyar ta yi ɗan ƙara na jin haushi, ta lalubo, ta kuskure, ta sake lalubowa. Sai ta kama. Kumatun suka lotsa sau ɗaya, sau biyu, ta tsaya ta huta har suka zaci ta koma barci. Sai ta ci gaba. A cikin shirun suka ji wani ɗan sauti daga maƙogwaronta, ƙut.

"Ka ji?" in ji matar.

"Na ji."

Tsintsiyar Inna ta tsaya. Ta zo bakin ƙofa, mayafi a baki, tana alhamdulillahi, alhamdulillahi, hawaye yana jiƙa mayafin. Mai Guga yana zaune riga a buɗe har cibiya a gaban surukarsa, bai ma tuna ba. Wurin da yarinyar ta tashi ya yi gumi, iska tana taɓa shi, yana jin sanyi a daidai nan kawai.

Ba ta daɗe ba ta gaji, ta saki, nono a gefen bakinta. Ya yunƙura zai tashi ya ba su wuri.

Matar ta dafa gwiwarsa. "Ina za ka? Koma ka zauna. Ci kawai ta zo yi wurina, yanzu za ta dawo."